Kundin Marayun Iowa: Bincike Ba da Izini Ba

A shekarar 1939 wata ɗalibar Shaihun Malami Wendell Johnson, a Jami'ar Iowa ta Amurka, ta rubuta kundi a kan asalin in'ina. Marayu 22 aka yi gwajin da su. Shida daga cikinsu bakinsu garau ya ke, amma aka dinga gaya musu wai sun fara in'ina, har waɗansu suka riƙa tsoron buɗe baki.

Aibin kundin nan biyu ne. Na fari, an ɓoye wa yaran gaskiya, ga shi kuwa maraya ba shi da uban da zai ce a'a. Na biyu, masanan da suka sake duba alƙaluman a 2002 sun tarar ba su tabbatar da cewa tsangwama ce ke haddasa in'ina ba. Watau an cuci yara, ilmi kuwa bai ƙaru ba.

Sai a 2001 Jami'ar ta nemi gafara, a 2007 aka biya diyyar dala 925,000. Saboda irin wannan ne manyan mujallun ilmi su ke neman shaidar yardar iyaye da ta kwamitin ɗa'a kafin su buga bincike a kan yara. Lalle editan da ya kau da kai daga wannan, da shi aka ci amanar.