3.3 Tarihi da Ƙage a Cikin Ganɗoki: Daga Kwantagora Zuwa Burmi

Kamar yadda aka yi bayani a babin da ya gabata, littafin Ganɗoki na Malam Muhammadu Bello Kagara yana ɗaya daga cikin littattafai biyar da aka samu sakamakon gasar ƙagaggun labarai ta 1933, wadda Dokta Rupert East ya shirya. A wannan sashe za a duba yadda marubucin ya yi amfani da yaƙe-yaƙen da suka auku da gaske wajen gina labarinsa, da kuma inda ya rabu da tarihi, da abin da ya sa ya rabu da shi.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne ƙasar da aka ɗauko tauraron. Kwantagora gari ne na bakin daga, wanda Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu, ya kafa a wajajen 1864 a gefen kudu na daular Sakkwato, a tsakiyar Kambari da Gwari da Kamuku. A irin wannan wuri doki da mashi su ne arzikin namiji, hari kuwa shi ne noman sarakuna. Saboda haka Ganɗoki da ke wa kansa kirari yana neman maza, ba daga sama marubucin ya tsinto shi ba. Irin mutanen da suka kewaye Sarkin Sudan Ibrahim ne aka tattara a jikin mutum ɗaya. Shi kansa Malam Bello an haife shi a 1890, yana ɗan shekara goma da 'yan kai sojojin Lugga suka ci Kwantagora a farkon 1901, kuma iyayensa suna cikin waɗanda suka fita tare da Sarki. Ke nan abin da ya rubuta game da wannan zamani ya gan shi da ido, ko kuwa ya ji daga bakin waɗanda suka gani.

Wannan ne ya sa kashin farko na littafin yake da nauyi. Sunayen garuruwa da na sarakuna na gaskiya ne, jerin aukuwar abubuwa kuma bai kauce wa tarihi ƙwarai ba. An ci Bida da Kwantagora, aka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, aka ci Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya ɗauki hanyar gabas da niyyar hijira, jama'a suka yi ta bin sa. A Burmi, kusa da kogin Gongola, aka yi karon ƙarshe ranar 27 ga Yuli 1903. Nan Attahiru ya rasu tare da ɗaruruwan mabiyansa, a ɓangaren Turawa kuma aka kashe Manjo Mash. Mai karatu yana bin Ganɗoki cikin wannan guguwa, yana ganin yadda jaruntakar mai takobi ta tashi a banza a gaban bindiga mai ruwa.

Daga nan sai labarin ya sake kama. Tauraron ya nufi gabas, ya faɗa ƙasashen aljannu da na sarakunan da babu su a kowane littafin tarihi, yana yaƙi yana cin nasara. Sau da yawa akan ɗauki wannan a matsayin rauni a zubin littafin, wato a ce an ɗinka tarihi da tatsuniya ɗinkin da bai kama ba. Wannan nazari yana ganin akwai abin da ya fi haka. Idan aka yi la'akari da wurin da ɗinkin ya faɗo, za a ga daidai bayan faɗuwar daular ne. Bayan Burmi babu sauran fili a ƙasar Hausa inda jarumi irin Ganɗoki zai zare takobi ya yi rinjaye, marubucin kuwa ba ya son ya kashe shi, ba kuma ya son ya durƙusar da shi gaban Nasara. Sai ya fitar da shi daga duniyar da aka ci shi da yaƙi, ya kai shi inda nasara take yiwuwa. Haka kuma kada a manta Malam Bello malami ne a Kwalejin Katsina, hukumar Turawa ce kuma za ta buga littafin. Mai wannan matsayi ba zai bar tauraronsa ya ci gaba da sarar Bature har shafin ƙarshe ba. Shi ya sa da Ganɗoki ya komo gida ya tarar da sabon zamani, sai muryarsa ta yi sanyi, ya karɓi abin da ya tarar.

Sai dai akwai inda littafin ya gaza, kuma gazawar ta fi ta zubi girma. Daga kan doki ake ba da labarin. Mutanen da ake kai wa hari a ƙauyukan iyaka ba su da murya, ana ƙirga su ne cikin ganima. Alhali tarihi ya nuna hare-haren Kwantagora sun tashi garuruwa masu yawa a ƙasar Gwari, har ma Turawa suka kafa hujja da kamun bayi wajen kawo nasu harin. Su Turawan kuwa, bayan sun kama Ibrahim a 1902, sai ga shi sun mayar da shi kan gadonsa a 1903. Ɗalibin da ya karanta Ganɗoki a aji, musamman ɗan waɗannan ƙabilu, zai ga an yi wa maharin kirari, an yi shiru da kakanninsa.

A taƙaice, Ganɗoki shaida ce ta yadda waɗanda aka ci da yaƙi suka tuna da kansu shekara talatin bayan Burmi. Ya dace mai koyar da shi ya haɗa shi da tarihin waɗanda su ma Kwantagora ta ci. A sashe na gaba za a duba salon kirari a cikin littafin.