Muryoyi Huɗu Ba Kiɗa: Nazari a Kan Waƙar Ta'aziyya a Ikilisiyoyin Karkara

Duk ma'aikacin Ubangiji da ya yi hidima a ƙananan ikilisiyoyin arewacin Kano, daga wajejen Tofa da Bichi har zuwa kan iyakar Katsina, ya san halin watan Agusta. Rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, zazzaɓi yana kwantar da yara, gona kuwa guntuwa ce da aka raba wa magada har sau uku. A irin wannan lokaci ne ake kiran fasto jana'iza, inda babu lantarki, babu janareta. Sai wata uwa daga Zumuntar Mata ta ɗaga waƙa, 'yan mata su shiga da ƙaramar murya, maza biyu ko uku su tallafe ta daga ƙasa. Mun sha ganin mai makoki ya ɗago kai a daidai wurin nan. Nufinmu mu auna wannan waƙa, mu ga ƙarfinta da kuma inda ta gaza.

Asalinta

Hausawa sun daɗe da waƙar baki zalla: waƙar niƙa, waƙar daɓe, da gaɗa, inda tafi kaɗai yake riƙe lokaci. Tsarinsu bayarwa da amshi ne. Jera muryoyi huɗu, wato safrano, alto, teno da bes, tare da mishan ya zo. Ma'aikatan SIM na fari sun iso ƙasar nan a 1893, an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aka kuma kafa ECWA a 1954. Ta makarantun Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi ne salon ya kai ƙauye, ana koyar da shi da solfa, hanyar da John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19 domin talakan da ba shi da molo ko garaya ya iya koyon waƙa. Ashe tun farko dabarar marasa hali ce.

Ƙarfinta

Na ɗaya, ba ta cin kuɗi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, majami'u da yawa sun gane cewa kibod da lasifika suna da ciki, sai an ciyar da su. Murya kuwa ko da fari ko da yalwa tana nan. Cikin Ayyukan Manzanni 16, Bulus da Sila sun raira waƙa da tsakar dare a kurkukun Filibi, ƙafafunsu a turu, bayansu da miki. Abin da suka shiga da shi kurkuku, shi suka yi sujada da shi.

Na biyu, tana tilasta sauraro. Mai alto ba zai daidaita ba sai ya kasa kunne ga mai safrano, wanda ya cika ɗaga murya kuma ya ɓata wa kowa. Wannan shi ne darasin jiki ɗaya mai gaɓoɓi da yawa na 1 Korintiyawa 12, ana koyonsa da maƙogwaro. Manomi ya san shi daga gayya: kowa da kunyarsa, amma a jere ake tafiya.

Na uku, kuma mafi girma, tana ba mai baƙin ciki damar yin shiru. Idan kuka ya shaƙe gwauruwa a baiti na biyu, waƙar ba ta faɗi, sauran muryoyi suna riƙe mata wurinta har ta dawo. Ta'aziyyar tana cikin wannan riƙon kafin ma a kai ga ma'anar kalmomi. Ba mu kaɗai muka gano haka ba. Ɗaliban Jami'ar Fisk a Amurka, waɗanda yawancinsu an haife su cikin bauta, sun fita da waƙoƙin iyayensu a 1871. 'Yan ci-ranin Zulu a Afirka ta Kudu sun rage kewar gida da salon da ƙungiyar Ladysmith Black Mambazo ta sanar wa duniya. Ikilisiyar Otodoks ta Rasha har yau da murya kaɗai take sujada.

Rauninta

Amma yabon gwani ba ya hana a faɗi aibinsa. Rauni na farko na harshe ne. Hausa tana bambanta ma'ana da hawa da saukar murya, da kuma tsawon wasali: kuka na hawaye daban da kuka ta miya, gari na zama daban da gari na tuwo. Karin da aka tsara wa Turanci bai san wannan ba, yakan ja gajeren gaɓa ya guntule dogo. Sai tsohuwa ta ji daɗin sautin, amma ta tafi gida ba ta kama maganar ba. Nan ne waƙoƙin da Zumuntar Mata suke tsarawa da kansu suka fi, domin karinsu daga bakin Hausa ya fito.

Rauni na biyu na tauhidi ne. Waƙoƙinmu na jana'iza suna gaggawar kai mu sama, ba su cika barin mu mu tsaya a bakin kabari ba. Alhali Zabura cike take da makoki, Zabura 88 ma har ta ƙare ba ta juya ga murna ba, Yesu kansa ya yi hawaye a Betanya. Daɗin muryoyi huɗu yana iya zama mayafi, uwar da ta binne ɗanta ta ji kamar kukanta rashin bangaskiya ne. Yana kuma iya sa ikilisiya ta ɗauka ta gama aikinta, alhali Yakubu 2 ya tsawata wa mai sallamar mayunwaci da baki kawai. Waƙa ba ta cika rumbu. Idan mun raira a gidan gwauruwa ranar Talata, sai mu koma da fartanya ranar Laraba.

Rauni na uku na tsari ne. Da zarar waƙar ta zama ta 'yan kwaya masu riga iri ɗaya, jama'a kuma suka koma 'yan kallo, ta rasa abin da ya sa take warkarwa.

Shawara ga ma'aikata

Ba muna hana kayan kiɗa ba ne, Zabura 150 ta ishe mu shaida. Muna cewa kada ikilisiya ta manta da abin da za ta buƙata ranar da mai ya ƙare. Fasto ya ware waƙa ɗaya kowace Lahadi a raira ta ba kiɗa. A karanta baitocin a bayyane kafin a fara. A koya wa dukan jama'a muryoyi biyu aƙalla. A ƙarfafa mata da matasa su sa Zabura 13 da 42 cikin karin Hausa, da bayarwa da amshi. A ƙauyen da muke katanga ɗaya da maƙwabta Musulmi kuma, waɗanda sukan zo mana gaisuwar mutuwa, murya mai taushi ta fi lasifika kyakkyawar shaida.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne waƙoƙi ikilisiyarku za ta iya rairawa ba littafi, ba kiɗa?
2. A cikinsu, wacce ce take ba mai makoki izinin kuka?
3. Bayan waƙar ta'aziyya, wane taimako ikilisiyarku take kai wa gidan rasuwa?