Littafin Tana: Shekara 44 Darwin Yana Tsugune a Gaban Rami

Littafin nan ya kai littafi! Shafi sama da 300, babi bakwai, kuma daga bango zuwa bango ba a zancen kowa sai tana. Ƙwarai, tanar nan dai da yara suke tonowa a bakin rafi su soka a ƙugiya, wadda kaji suke wawaso da zarar an kafta ƙasa. Charles Darwin ne ya rubuta shi, aka buga a Landan cikin Oktoban 1881 da sunan The Formation of Vegetable Mould through the Action of Worms, wato yadda tana take samar da baƙar ƙasar nan mai laushi da shuka take rayuwa a kanta. Wata shida bayan fitowarsa marubucin ya mutu, a Afrilun 1882. Shi ne littafinsa na ƙarshe, kuma ni dai ban karanta wani littafin kimiyya da ya shiga raina kamarsa ba.

Na san da jin sunan Darwin wasu za su haɗe rai saboda ra'ayinsa a kan asalin halittu. Waccan muhawara tana da wurinta, amma ba ita ce a cikin wannan littafi ba. Abin da ke ciki shi ne dattijo ɗan shekara 72 da tukwanen ƙasa a ɗakin karatunsa, yana tashi cikin dare da 'yar fitila don ya ga me tana take yi sa'ad da kowa yake barci. Tun 1837 ya fara gabatar da maganar a gaban ƙungiyar masana ƙasa da duwatsu ta Landan, bayan kawunsa Josiah Wedgwood ya nuna masa yadda tokar gawayin da aka watsa a fili take nutsewa da kanta. Bai saki zancen ba sai bayan shekara 44. Wannan haƙuri kaɗai ya isa a jinjina masa.

Babi biyun farko su ne zumar littafin. Darwin yana son ya san ko tana tana ji, sai ya busa mata usur. Ko gezau. Ya yi mata ihu, ɗansa Francis ya busa mata wata doguwar sarewar Turawa mai kaurin murya, aka kaɗa fiyano kusa da ita, duk ba ta motsa ba. Amma da aka ɗora tukunyar a kan fiyanon kansa aka danna maɓalli ɗaya, nan take ta shige rami. Ashe kunne ne ba ta da shi, girgizar ƙasa kuwa tana jin ta a duk jikinta. Ido ma babu, sai dai gaban jikinta yana bambance haske da duhu. Ya gwada ta da abinci iri-iri har ya gano tana son albasa da kabeji da ɗanyen kitse.

Sai kuma gwajin takarda, wanda duk lokacin da na zo kansa sai tsigar jikina ta tashi. Tanar Ingila takan jawo ganye ta toshe bakin raminta. Darwin ya lura yawanci ta tsinin ganyen take kamawa, ta inda zai fi sauƙin shiga. Dabara ce ko dace? Sai ya yanka takardu masu kusurwa uku, dogaye masu tsini, ya shafa musu kitse don kada raɓa ta jiƙa su, ya watsa a inda tana take. Yana bi yana zarowa ɗaya bayan ɗaya yana duba ta wane gefe aka ja. A cikin guda 303, kashi 62 cikin ɗari ta tsinin aka ja su. Abar da ba ta da ido, ba ta taɓa haɗuwa da takarda ba, ta laluba siffar abu ta zaɓi inda ya dace. Tsarki ya tabbata ga wanda ya halicce ta!

Jikin nata ma abin tsayawa ne a duba. Ba ta da huhu, ta fata take numfashi, shi ya sa bushewa take kashe ta cikin ɗan lokaci. Ba ta da haƙori, sai ƙundu irin na kaza, wanda yake niƙa ruɓaɓɓen ganye da taimakon 'yan tsakuwoyin da ta haɗiye. Kowace ɗaya namiji ce kuma mace ce, amma duk da haka biyu suke haɗuwa, sannan kaurin nan mai kama da ɗamara da ake gani kusa da kanta ya fitar da kwanson ƙwai. Maganar nan ta yara cewa in an raba tana biyu za a sami tana biyu kuwa ba haka take ba. Ɓangaren kai yakan iya warkewa ya sake tsiro da wutsiya, ɗayan galibi mutuwa yake yi.

A babi na uku lissafi ya shigo, kuma a nan ne littafin ya fi ƙarfi. A Disambar 1842 aka watsa farfasasshen alli a wani fili kusa da gidansa a ƙauyen Downe. Ba a taɓa filin da garma ba. A Nuwamban 1871, bayan shekara 29, aka haƙa rami, sai ga allin a jere, inci bakwai ƙarƙashin ƙasa. Babu wanda ya binne shi face tana, da 'yar ƙasar da take fitarwa kowane dare. Ya auna, ya busar, ya sake aunawa, ya kai ga cewa a wurare da dama na Ingila fiye da tan goma na ƙasa suke ratsa cikin tana a kowace eka duk shekara. Da yayyafi kogi kan cika. Da irin wannan aiki ne duwatsun tarihi na Stonehenge da suka faɗi suke nutsewa sannu a hankali, kuma daɓen gidajen Rumawa na dā ya lulluɓe har ya tsira zuwa zamaninmu.

To, mu fa a Kano? Ingila ƙasar ruwa ce, mu kuwa damina wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, sauran shekara rani. A jigawa gara ce take yin yawancin aikin juya ƙasa. Tana sai fadama da lambu da gindin bishiya, kuma da hunturu ya kama sai ta nitsa can ƙasa ta dunƙule a wani ɗan ɗaki da ta shafe da yauƙinta, ta jira ruwa. Amma tana nan. Duk mai gida a Nassarawa GRA ya leƙa gindin mangwaro ko darbejiya da sassafe bayan ruwan Agusta, can lungun da tsintsiya ba ta kaiwa. Zai ga 'yan tsirin kashin tana a tsaitsaye. Ya ɗauki ɗaya ya murza a yatsa ya ji laushinsa, ya ga yadda ya fi ƙasar gefensa duhu. Darwin ya sa zanen irinsu a littafin, waɗanda aka aiko masa daga lambun gwamnati na Kalkata a Indiya, ƙasa mai damina da rani kamar tamu.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muke yi da wannan arziki. Nassarawa GRA unguwa ce mai manyan filaye da tsofaffin bishiyoyi tun zamanin Turawa, ganye yana zuba ba dare ba rana. Kullum da safe a share shi tas a cinna masa wuta. Abin da ya rage na tsakar gida a malala masa siminti ko a jera intalok, a bi gefen katanga da maganin feshi. Daga baya kuma a sayo motar baƙar ƙasa da buhun takin zamani saboda furanni sun ƙi. Alhali manoman kewayen Kano sun daɗe suna ɗora shara da takin dabbobi a kan jakai zuwa gonakinsu, suna noma fili ɗaya shekara da shekaru ba hutu. Sun san ƙasa sai an ciyar da ita. A Ibadan, masanin ƙasa Rattan Lal, wanda ya fara aiki a cibiyar binciken noma ta IITA a 1970, ya nuna cewa gonar da aka bar wa tarkacen amfanin gona a samanta ba tare da kaftu ba ta fi yawan aikin tana, ta fi shan ruwa, zaizaya kuma ta ragu. Har ila yau tanar Afirka ta Yamma ce, Eudrilus eugeniae, ake kiwo a Indiya da Filifin da Amurka don ta mayar da sharar kicin taki.

Ina fata wani ɗalibin aikin gona na Jami'ar Bayero ya karanta littafin nan ya ji ƙaiƙayin yi mana irinsa: ya watsa garin gawayi a gindin bishiya, ya rubuta kwanan wata, ya dawo bayan damina biyar da ma'auni a hannu. Littafin ya daɗe da fita daga hannun masu haƙƙin bugawa, ana samun sa kyauta a intanet, kuma Turancinsa ba mai ɗaure kai ba ne. Wanda lokaci ya yi wa ƙaranci ya fara da babi na biyu, inda gwajin takarda yake. Na tabbata ba zai iya tsayawa nan ba, don babi na huɗu, na gidajen Rumawa, ya fi ƙarfin a tsallake shi.