Zanen Labari a Waya: A Bar Shi Tsaye Ko a Sa Masa Motsi?

Akwai ɗan ƙanina da ya daɗe yana zana labaran barkwanci a kan dillalan Kasuwar Shanu, yana sakawa a Facebook. Makon jiya ya same ni a rumfa da sabon aiki: yanzu sa na kaɗa wutsiya, dillali na motsa baki, har da ɗan kiɗa a ƙasa. Ya ce, "Baba, ya ka gani?" Na ce na da ya fi.

Ga dalilina. A tsohon zanen gida biyu ne kawai. A na farko dillali na rantsuwa cewa bijimin nan ba ya faɗa. A na biyu ga mai saye a saman tirela, hularsa a ƙasa. Ba a zana tunkuyin ba, mai karatu ne ke ƙarasa shi a ransa, kuma nan dariyar take. A sabon kuwa an nuna komai, daga zabura har hawa mota, sai abin ya yi lami. Ku dubi zanen Mustapha Bulama na jaridar Daily Trust: hoto ɗaya tak, ba motsi, amma sai ya zagaye WhatsApp ana ta muhawara a kai.

Abin da ya fi damuna shi ne rubutu. Da, yaran makarantar dare kan haɗa baƙi su karanta maganar dillali da kansu. Yanzu murya ce ke faɗa musu, su dai kallo.

Sai kuɗi. A 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Mu da muka sha duhu a 2021, lokacin da aka karya turakun wutar hanyar Damaturu, mun san darajar caji. Bidiyo na cinye duka biyun.

Ban ce motsi ba shi da wuri ba. Katun ɗin Ubongo na Tanzaniya da aka juya zuwa Hausa yana koya wa yara ƙirga, amma wannan aikin kamfani ne mai hannu da yawa, ba na yaro ɗaya da waya ba. Hukuncin zanen mai rai kuwa malamai sun yi saɓani, ba shi na zo tattaunawa yau ba.

Yaron bai yarda ba. Ya ce masu motsi sun fi samun 'yan kallo, kuma ban musa masa ba. Na dai roƙe shi ya riƙa sakin tsayayyen tukuna, da rubutunsa, kafin ɗayan.