Muryar Lata Mangeshkar a Kunnen Bahaushe

Abin da ya kamata a fara lura da shi game da waƙoƙin silimar Indiya shi ne, wadda a ke gani a majigi ba ita ce mai waƙar ba. Ita motsa leɓe kurum ta ke yi, muryar kuwa ta wata zabiya ce wadda aka ɗauka tun da fari. A cikin waɗannan zabiyoyi babu wadda ta kai Lata Mangeshkar, wadda aka haifa a Indore cikin 1929, ta rasu a Mumbai cikin 2022. Sunanta ya fito ne da wasan Mahal na 1949, amma a kan faifan garmaho ba a rubuta shi ba, sai aka sa Kamini, watau sunan matar da Madhubala ta fito a matsayinta. Daga baya ita ce ta ara wa Nargis murya a Mother India na 1957, ta kuma ara wa Madhubala a Mughal-e-Azam na 1960, duka biyu da kiɗan Naushad.

Gidajen silima na manyan birane ne, kamar Kano da Sakkwato. Mutumin ƙasar Bagudo kuwa, ko na Illo ko na Lolo, inda a ke cuɗanya da Dandawan Binin a kasuwa, galibi ta rediyo da kaset waƙar ta fara isa gare shi. Bai san harshen ba, sau da yawa bai ga wasan ba. Sabo da haka hukuncinsa ya fi amfani ga mai nazari, gama murya tsantsa ya saurara.

To, me ya ji? Ya ji murya siririya, mai hawa sama ba tare da ta fashe ba, wadda ke jan gaɓa guda ta lanƙwasa ta sau uku ko huɗu kafin ta sake ta. Zabiyoyinmu ba haka su ke yi ba. Barmani Coge, alal misali, daga ƙirji ta ke waƙa, da buɗaɗɗen maƙogwaro, ƙarfinta yana cikin magana da habaici da amshi. Ita Lata ƙarfinta cikin karin sauti ya ke, shi ya sa rashin jin ma'ana bai rage mata kome ba. Hujja kuwa ita ce, Abdu Yaron Goge ya ɗauki karin wata waƙarta ta cikin Rani Rupmati ya zuba masa kalmomin Hausa, masu bandiri na Kano irin su Ushaƙu Indiya kuma suka riƙa mai da irin waɗannan karuruwa na bege ga Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi.

Wasu masana, musamman Brian Larkin cikin 1997, sun danganta farin jinin wasannin Indiya da kamancin al'adu, irin su kunya da auren tilas. Gaskiya ne, amma wannan bayanin labari ne, bai taɓa murya ba. Ni a ganina ɓoyuwar zabiyar ma tana da nata rabo, domin mace ce a ke ji ba a gani, ba ta tsaya gaban taro ba.

Inda na ke da ƙorafi shi ne abin da ya biyo baya. Da masu wasannin Hausa na Kano suka ɗauki wannan tsari, har aka sami zabiyoyi irin su Fati Nijar, mutuniyar Maraɗi, sai siririyar murya ta zama ma'auni, inda ba ta samu ba a matse ta da na'ura. Alhali siririntar Lata sakamakon horo ne cikin kiɗan gargajiyar Indiya, wanda ta soma tun tana yarinya wajen mahaifinta, Dinanath. An kwaikwayi tsinin, an bar sarrafa numfashin. Malamin da ke koyar da waƙa a kwalejin horon malamai ya gwada sa wa ɗalibansa faifan Lata, sa'an nan waƙar niƙa ko ta gaɗa daga ƙauyukansu, ya tambaye su wace ce muryar mace. Amsar da za su bayar ita ce ta sa na rubuta wannan takarda.