Masu Sake Buɗe Dosiyen Hafsan da Aka Kora

Duk garin da ke da bariki ba ya rasa mutanen da aka tuɓe wa kaki. Agadez garin bariki ne tun zamanin Faransawa. A nan hedkwatar yankin tsaro na biyu take, daga nan kuma ayarin sojoji ke kama hanyar Dirku da Madama. Tsofaffin sojojin da ke zaune a cikinsa iri biyu ne. Akwai wanda ya cika shekarunsa aka sallame shi da girma, lokacin biya ya je ya karɓi fanshonsa. Akwai kuma wanda aka soke sunansa saboda laifi, ya fito ba anini, ba girma, ba takardar da zai miƙa wa mai ɗaukar aiki bai sunkuyar da kai ba. Irin wannan na biyun, musamman in hafsa ne, yakan yi shekaru maganar tana cin sa a rai, sannan wata rana ya zauna ya rubuta takarda yana roƙon a sake duba korar da aka yi masa.

Takardar nan teburin wani take sauka. Aikin mai wannan teburin nake so mu duba, domin a ganina yana cikin mafi wuyar abin da soja ke yi bai taɓa bindiga ba.

Mutanen Agadez sun san afuwa. Sun ga yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995, wadda ta buɗe wa tsofaffin ƴan tawaye ƙofar shiga aikin kaki. Sun ga an ƙone bindigogi a garinsu ranar 25 ga Satumba 2000. Sun ga afuwar da Shugaba Mamadou Tandja ya yi a Oktoba 2009 bayan tawayen ƙungiyar MNJ, wanda har wasu hafsoshin gwamnati suka bar bariki suka shiga. Afuwa tana da ranarta, ta kuma kashe wutar da ba abin da zai kashe ta sai ita. Amma afuwa ba ta tambaya. Mai laifi da marar laifi duka take lulluɓewa, ta ce a bar maganar. Mai sake duba dosiye shi tambayar ce sana'arsa: hukuncin nan da aka yanke, daidai ne ko kuwa? Shi ya sa hafsan da ya tabbata an zalunce shi ba ya jin daɗin afuwa har zuciya. Ba yafiya yake nema ba, so yake a rubuta cewa bai yi ba, ko kuma abin da ya yi bai kai a kore shi ba.

Gwani a wannan aiki ba ya fara da takardar roƙon, domin kowa ya iya kuka da alƙalami. Tsohon dosiyen yake fara ɗaukowa, kuma abin da idonsa ke nema tun farko kwanan wata ne. Yaushe aka sanar da mutumin tuhumar da ake yi masa? Kwana nawa aka ba shi ya shirya? An bar shi ya karanta abin da aka rubuta a kansa, ya kira shaidunsa, ya zo da mai kare shi? Wanda ya kai ƙarar yana cikin waɗanda suka zauna yanke hukunci? Wanda ya sa hannu a takardar kora, doka ta ba shi ikon korar mai irin wannan muƙami? In takardar kora ta riga zaman sauraro fita, ko da kwana ɗaya ne, to an yanke hukunci kafin a ji mai magana, kuma wannan kaɗai ya isa ya rusa komai. Abubuwa ne da ba sa burge kowa, amma a nan yawancin zalunci ke ɓuya.

A ce wani laftana ne aka kora saboda gangunan gazuwal sun yi ƙafa a hannunsa tsakanin Agadez da Dirku. Takardar tuhuma ta ce an ba shi kaza, ya kai kaza, saura ya sayar. Mai gaggawa zai ga lissafi ya fita, ya rufe. Gwani zai aika a kawo masa littafin sito, da littafin tafiyar kowace mota, da na mai kula da rediyo. Zai jera su gefe da gefe, ya ɗora yatsa a kan rana guda ya bi ta cikin duka ukun. Ya san hanyar ta haura kilomita 600, ya san motar da ta shiga rairayin Tenere ba ta shan mai irin shan da take yi a kwalta. Sai ya ga a littafin rediyo cewa ayarin ya yi kwana biyu yana jan wata mota da ta lalace, alhali wanda ya yi lissafin a ofis da ma'aunin kwalta ya yi. Ko kuma ya ga akasin haka: ba lalacewa, ba kauce hanya, kuma sa hannun karɓar mai na kwana biyar da biro ɗaya aka yi su, a zama ɗaya. Aikin kamar na mai bin sawun raƙumi ne bayan iska ta kaɗa: abin da ya rage kaɗan ne, amma wanda ya iya karantawa zai faɗa maka inda aka tsaya da inda aka juya.

Daga nan sai a kira mutumin. Gwani ba ya tambayar “Ka yi ko ba ka yi ba?” Sai ya ce, “Laftana, a ina kuka kwana daren farko? Wa ke riƙe da makullin sito?” Shi kuma ya amsa, “Mon kolonel, a wuri kaza ne,” ana ta tafiya a hankali. Wanda ya yi tafiyar da gaske yana tuna ƙananan abubuwa, har da waɗanda ba su taimake shi ba. Wanda ya shirya labari kuwa labarinsa sumul yake, ba inda ya taɓa yin kuskure.

Inda aikin ya fi nauyi shi ne laifin fagen daga, wato gudu, ko ƙin bin umarni, ko barin kayan yaƙi a hannun abokan gaba. Musulunci ya daɗe da bambance mai gudu da mai ja da baya. Aya ta 16 a Suratul Anfal, wadda ta yi kashedi mai tsanani kan juya baya ranar yaƙi, ta ware wanda ya juya don dabarar faɗa ko don ya haɗu da wata runduna. A yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Khalid bin Walid ya janye rundunar da aka fi ƙarfinta nesa ba kusa ba. Da suka iso Madina mutane suka riƙa yi musu gorin gudu, Manzon Allah (SAW) bai yarda da wannan suna ba. A ido, mai gudu da mai ja da baya duka baya suka juya. Bambancin yana cikin abin da ke hannun mutum a wannan sa'a, da abin da ya yi da mutanen da ke ƙarƙashinsa.

An ga wannan a maƙwabta ba da daɗewa ba. A 2014 Boko Haram ta riƙa cin garuruwan Borno ɗaya bayan ɗaya. Ɗaruruwan sojojin Najeriya sun tsallaka Kamaru a watan Agusta, wasu kuma suka tsallako jihar Diffa daga Malam Fatori a Nuwamba. Hukumar soja ta amsa da kora da kotun soja: an yanke wa mutum 12 hukuncin kisa a Satumba, aka ƙara 54 a Disamba, dubbai kuma aka sallame su. Sojojin suna ta cewa an tura su ba isassun makamai. Da Janar Tukur Buratai ya karɓi ragamar rundunar ƙasa a Yuli 2015, sai aka kafa kwamiti ƙarƙashin Manjo Janar Adeniyi Oyebade, ya zauna a Jaji, tsakanin Kaduna da Zariya. An duba maganar mutum wajen 5,000, aka mayar da 3,032 bakin aiki. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne sauran da ba a mayar ba, domin su ne shaidar cewa tantancewa aka yi. A Disamba 2015 kuma aka mayar da hukuncin kisan mutum 66 zuwa ɗaurin shekara goma.

Maganar Birgediya Janar Enitan Ransome-Kuti ta fi nuna yadda ake rarrabe zare da abawa. Shi ne kwamandan sansanin rundunar haɗin gwiwa a Baga ranar 3 ga Janairu 2015 da Boko Haram ta ci garin. Kotun soja a Oktoba 2015 ba ta same shi da laifin ragwantaka ba, amma ta kama shi da gazawa wajen aiki da asarar kayan soja, ta ba shi wata shida da kora. Da Majalisar Sojan Ƙasa ta sake dubawa a 2016, sai ta ɗage korar ta mayar da ita rage girma zuwa kanar. Ba a wanke shi fes ba, ba a kuma bar shi a waje ba. Mutane da yawa ba sa son irin wannan hukunci na tsaka-tsaki, sun fi son a ce fari ko baƙi. Amma sau da yawa gaskiyar dosiye a tsakiyar take, kuma gane daidai inda take shi ne gwanintar.

Amurka ta mayar da wannan aiki hukuma ta dindindin tun 1944. Tsohon soja yana da shekara 15 daga ranar sallama ya kai kukansa, kuma tambaya biyu ake yi wa takardarsa: an bi ƙa'ida, sannan an yi adalci? Ta biyun ce ke ba da damar a auna laifin rana ɗaya da hidimar shekaru, a kuma duba ko wani da ya yi irinsa an yi masa sassauci. Henry Flipper, baƙar fata na farko da ya gama makarantar hafsoshi ta West Point a 1877, an wanke shi daga zargin cin kuɗi amma aka kore shi a 1882 da sunan rashin ɗa'a. Sai a 1976, shekaru bayan rasuwarsa, hukumar gyaran takardun soja ta ga hukuncin ya yi tsanani, ta mayar da sallamarsa ta girmamawa. A 2014 kuma aka umarci masu dubawa su riƙa la'akari da ciwon da yaƙi ke bari a ƙwaƙwalwa. Wannan darasi ne da ya shafe mu kai tsaye. Sojan da ya tsira daga harin da aka kai barikin Agadez ranar 23 ga Mayu 2013, ko daga harin Inates a Disamba 2019, in daga baya ya koma ba ya barci, yana faɗa da kowa, yana ɓacewa daga aiki, dole mai duba dosiyensa ya tambayi yadda yake kafin wannan rana, ya kuma nemi takardar likita.

Kada a ɗauka tausayi ne kawai jarin aikin. Akwai hafsan da ya cinye kuɗin abincin yaransa, akwai wanda ya harbi farar hula ba dalili. Su ma suna rubuta takardar roƙo, wani lokaci ma tasu ta fi tsari, da manyan mutane a bayanta. Mai dubawa yana tuna cewa akwai waɗanda ba sa cikin ɗakin: ƙananan sojojin da suka kwana da yunwa, da iyalan mamaci, da wanda ya tsaya a ramin da wani ya gudu ya bari. In ya mayar da kowa, ya ci amanarsu. Cewa a'a ga mai uwa a gindin murhu tana buƙatar ƙarfin hali daidai da cewa e ga wanda ba shi da kowa.

Kuma abin yana iya cin mai yin sa. A Faransa, Laftana Kanar Georges Picquart ne ya gano a 1896 cewa rubutun takardar da aka ɗaure Kaftin Alfred Dreyfus a kanta na wani hafsa ne daban. Manyansa suka so ya yi shiru. Da ya ƙi, aka tura shi Tunisiya, daga baya aka tsare shi aka fitar da shi daga soja. Sai a Yuli 1906 aka wanke Dreyfus, aka mayar da su biyun aiki. Sake duba hukunci yana nufin gaya wa na gaba da kai cewa sun yi kuskure, a gidan da aka gina kan bin umarni. Malamanmu na fiƙihu suna karantar da wasiƙar Sayyidina Umar zuwa ga Abu Musa al-Ash'ari, inda ya hore shi kada hukuncin jiya ya hana shi komawa ga gaskiya in ta bayyana masa. Alƙali ma yana jin nauyin wannan, balle mai kaki da wanda ya yanke hukuncin farko ke iya rubuta rahoton ƙarin girmansa.

Ƙarshen aikin rubutu ne. Gwani ba ya tsayawa a “an karɓa” ko “an ƙi”. Yana faɗar tuhumar da ta tsaya da wadda ta faɗi, da hujjar kowacce, da abin da ya biyo baya: muƙamin da za a rubuta, shekarun da za a ƙirga a fansho, abin da zai kai ga matar mutum da ƴaƴansa in ya riga ya rasu. Wanda aka ƙi roƙonsa ma yana da haƙƙin ya san dalili, don ya san ko zai wuce kotu.

Nijar ta samu dokar shari'ar soja a 2003, bayan boren sojojin Diffa na 2002, kuma wanda hukuma ta yanke wa shawarar da bai yarda da ita ba yana da hanyar koke, daga wanda ya sa hannu har kotu. Sai dai daga Agadez zuwa Yamai ya haura kilomita 900, kuma wanda aka kora ba albashi gare shi ba balle kuɗin mota da masauki da lauya. Abin da nake fata shi ne masu wannan gwaninta su riƙa zuwa hedkwatar kowane yankin tsaro su zauna a lokaci sananne, kusa da sito da littattafansa, kusa da direbobi da masu rediyon da suka yi tafiyar, tun suna raye kuma suna iya tunawa.