Gwajin Hannu da Gurbinsa a Horon Masu Wasannin Kare Kai

A filayen makarantu da na unguwa a Kakuri, Barnawa, Narayi da Sabon Tasha da ke kudancin garin Kaduna, ba a rasa matasa masu motsa jini da sassafe ko da la'asar sakaliya. Wasu na naushin buhun yashi da aka rataye a reshen bishiya, wasu sanye da fararen kayan karati ko na taikwando suna maimaita taku da harbi a iska. Duk wannan horo ne, amma da sauran mataki guda da sai an taka shi mutum ke zama ɗan wasa: a tsayar da shi gaba da gaba da abokinsa, su gwada hannu a gaban mai horarwa.

Dalili kuwa shi ne buhu ba ya ramawa. Dubi sabon shiga ranar da aka fara haɗa shi da mutum. Naushi na tasowa sai ya runtse ido, ya kau da fuska, ya riƙe numfashi, hannun da ya kamata ya tsare haɓa ya sauka ƙirji. Kafin minti biyu ya fara haki, alhali shi ne mai jibgar buhu rabin sa'a bai gaji ba. Tsoro ne ya cinye masa ƙarfi. Gwajin hannu ke koya masa auna tazara, da karanta kafaɗar abokin karawa kafin hannu ya taso, da ci gaba da tunani bayan ya sha bugu. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Magabatan waɗannan wasanni sun daɗe da gane haka. Lokacin da Jigoro Kano ya kafa makarantar Kodokan a Tokyo a 1882, ya ware dabarun da ke karya gaɓa ko halaka mutum, ya bar su ga darasin nuni kawai, domin ɗalibansa na judo su riƙa kokawa da iyakar ƙarfinsu kullum ba tare da sun nakasa juna ba. Wannan ne ya ɗaukaka judo. Akasin haka ya bayyana a Sin a 2017, inda Xu Xiaodong, ɗan damben gauraye, ya kayar da wani malamin taici cikin 'yan daƙiƙoƙi. Malamin ya iya taku mai ban sha'awa, amma bai saba da hannun da ke neman fuskarsa da gaske ba. A damben zamani ma, Larry Holmes ya yi shekaru yana abokin atisayen Muhammad Ali, ya zama zakaran duniya a 1978, ya kuma doke Alin kansa a 1980.

Sai dai abin da ke gina ɗan wasa shi ne kuma ke iya rushe shi. Tun 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya bayyana lalurar da ke kama tsofaffin 'yan dambe: rawar jiki, nauyin baki, tangaɗi kamar na mashayi. Ƙwaƙwalwa ba ta bambanta naushin gasa da na atisaye, kuma wanda ke shiga gasa jefi-jefi yana iya shan bugu a kai kowane mako a wurin horo. Hular kariya tana rage tsagewar fata, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a cikin ƙoƙon kai. Shi ya sa 'yan damben Tailan, da suke yawan shiga fage, suke gwajinsu da sassauci, kamar masu wasa, su adana ƙarfi don ranar biki.

A nan ne damben gargajiyarmu ke da gyara. Dambe ya taso ne a hannun mahauta, lokacin kaka, kuma makarantarsa ita ce fagen kansa. Yaro ya fara a dandali, ya shiga damben share fage kafin manya su fito, ya bi wani gwani har a riƙa kiransa Shagon wane ko Autan wane, a ɓangaren Kudu, Arewa, Jamus ko Guramaɗa. Tsarin yana haifar da jarumai, amma da tsada. Hannun da aka naɗe da tsumma aka ɗaure tamau da zare ba na gwaji ba ne, don kisa aka shirya shi. Ga kalangu na zuga, ga 'yan kallo na ihu, wa zai sassauta? Yaron da duk kuskurensa a irin wannan turmi yake yinsa, da haƙoransa yake biyan kuɗin karatu. Da a ce iyayen gidan dambe za su ware ranakun gwaji da safar hannu mai taushi, babu kiɗa babu liƙi, da yaransu sun koyi sarrafa garkuwa da ƙafa kafin su sa zare da manya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kudancin garin Kaduna na da buƙatar wannan tarbiyya ta wata fuskar ma. Masaƙun Kakuri, tun daga masaƙar KTL da ta fara aiki a 1957, sun tara Bahaushe, Bagwari, Bajju, Atyap, Bayarabe da Ibo a unguwa ɗaya. Rufewar masaƙun ta bar matasa da yawa ba aikin yi, rikice-rikicen 2000 da 2002 kuma suka sa kogin Kaduna ya zama iyaka a zukatan mutane. Gwajin hannu amana ce: ka miƙa wa mutum fuskarka, ka yarda zai janye hannu idan ya ga ka jigata, ku gama ku gaisa. Matashin da ya saba da haka ya koyi danne fushi a lokacin da jini ya fi tafasa.

Sharuɗɗan gwajin hannu kuwa ba masu wuya ba ne. A haɗa sa'o'i a nauyi da ƙwarewa. A faɗi abin da ake son koya a kowane turmi, ko kariya ce ko taku. A sa robar kare haƙora. Mai horarwa ya tsaya a kai, ya raba da zarar gwaji ya fara zama faɗa. Ƙananan yara kada a bari a buge su a kai. Wanda ya ga jiri, ko ya yi amai, ko kansa ya riƙa sarawa, ya huta sai likita ya duba shi, komai kusantar gasa.

Masu horarwa da iyayen gidan dambe, ku ne ke riƙe da waɗannan yara. Ku bar su su gwada hannu, domin sai da shi za su ƙware, amma ku tsare musu kawunansu, su yi suna kuma su tsufa da hankalinsu.